Ruwan Kogin Haɗeja: Wa Ke Buɗe Ƙofa, Wa Ke Sha, Wa Ke Kwana da Asara?

Duk shekara idan watan Agusta ya kama, mutanen Auyo, Haɗeja, Kiri Kasamma da Guri a Jihar Jigawa sukan kwana da ido ɗaya a buɗe, don tsoron ambaliya. Bayan wasu watanni kuma, idan rani ya tsananta, manoman da ke gabas da Gashuwa a Jihar Yobe sukan wayi gari su tarar da kogi ya koma yashi, alhali barkono da albasarsu ba su gama nuna ba. Kogi ɗaya ne ke ratsa waɗannan wurare duka. Wani yana kukan ruwa ya yi masa yawa, wani yana kukan bai isa gare shi ba.

Akan ɗora laifin a kan sauyin yanayi, kuma lallai yana da nasa kaso. Sai dai tun shekarar 1974 tafiyar Kogin Haɗeja ta daina dogara ga damina kaɗai. Yawan ruwan da ke gangarowa, da lokacin da yake gangarowa, sun koma hannun mutanen da ke riƙe da ƙofofin manyan madatsun ruwa guda biyu a Jihar Kano. Wannan ya sa batun kogin ya zama batun mulki da rabon arziki, wanda ya shafi rayuwar mutane sama da miliyan 15 a jihohi shida na Najeriya da kuma yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar.

Hanyar da ruwan ke bi

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin garin Wudil, daga nan su zama Kogin Haɗeja. A ɗaya ɓangaren, Kogin Jama'are yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa Jihar Bauchi ta ƙasar Jama'are da Katagum. Kogunan biyu suna shiga wani shimfiɗaɗɗen fili tsakanin Haɗeja da Nguru, inda tsofaffin tuddan yashi ke raba ruwan zuwa rassa da tafkuna masu yawa. Abin da ya tsira daga wannan fili yana haɗuwa a kusa da Gashuwa ya zama Kogin Yobe, wanda Barebari ke kira Komadugu. Shi ne ke zama iyakar Najeriya da Nijar a ƙarshen tafiyarsa, kafin ya faɗa Tafkin Chadi ta wajen Bosso da Malam Fatori.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe game da wannan hanya. Kusan duk ruwan ana samun sa ne a sama, wato a kudancin Kano da Bauchi da Filato, inda damina ke da ƙarfi kuma ƙasa ke kan dutse. Daga Wudil zuwa gabas, ƙasar yashi ce, ruwan sama ya ragu, zafin rana ya ƙaru. A nan kogin ba ya ƙaruwa da komai, raguwa yake yi: wani ya nutse cikin ƙasa, wani ya bi iska. Saboda haka duk wanda ke zaune a ƙasa yana rayuwa ne da abin da na sama ya bari ya wuce.

Aikin da ambaliya ke yi wa fadama

A kunnen mutumin birni, kalmar ambaliya ba ta da wata ma'ana sai bala'i. A fadamar Haɗeja da Nguru kuwa, cikowar kogi a kan lokacinta ita ce jarin shekara. Idan ruwa ya malale filin a watan Agusta da Satumba, manomi yana da shinkafar fadama. Idan ya fara janyewa, sai a bi sawunsa a shuka wake da sauran amfanin da ke rayuwa da danshin ƙasa. Kifi yana fita daga kwarin kogi ya shiga cikin ciyayi ya yi ƙwai, ƙananan su girma, sannan su komo kogi lokacin da masunta ke jiransu. Idan rani ya yi nisa, makiyaya sukan gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawar da ruwa ya bari. Fili ɗaya yana ciyar da manomi da masunci da makiyayi, kowa da lokacinsa.

Akwai kuma aikin da ido ba ya gani. Ruwan da ya kwanta a fadama yana tsatsafowa cikin ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogin. Da shi itatuwan goruba da sauran dazuzzukan yankin ke rayuwa. Dubban tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna sauka a nan lokacin hunturu bayan sun ƙetare Sahara. Wannan ne ya sa Tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sanya cikin jerin dausayoyin duniya ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, sannan Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008.

Duk wannan tsari ya ginu ne a kan abubuwa biyu: cikowa a damina, da bushewa a rani. Idan aka taɓa ɗaya daga cikinsu, sauran ma sai sun girgiza.

Zuwan Tiga da Challawa

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, jim kaɗan bayan farin da ya addabi yankin Sahel a farkon shekarun 1970. An gina ta da girman da zai riƙe kusan kubik mita biliyan biyu, wanda ya zarce abin da kogin ke kawowa a shekara guda. A 1992 aka kammala ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, mai ɗaukar sama da kubik mita miliyan 900. Madatsun biyu suna sarrafa kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976, ita ke kula da su.

Babu mai musun amfanin da aka samu. Noman rani a Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam ya tsaya ne da ruwan Tiga, kuma tumatir da shinkafar da ke fitowa daga can suna ciyar da kasuwanni har kudancin ƙasar nan. Aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke Auyo shi ma daga wannan ruwa yake sha. Matatun ruwan sha na birnin Kano da ke Challawa da Tamburawa sun dogara ga abin da ake sakowa da rani.

Amma madatsa tana sauya halin kogi ta fuska biyu. Da damina tana riƙe ruwan da a da yake cika fadama. Da rani kuma tana sakin ruwa a kogin da a da yake bushewa. A shekarun 1960 da farkon 1970, ambaliya takan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 a fadamar Haɗeja da Nguru. A shekarun da suka biyo baya, bayan haɗuwar fari da madatsun ruwa, filin da ruwa ke rufewa ya sauko zuwa hekta 70,000 zuwa 100,000. Kowace hekta da ta fita daga wannan lissafi gonar wani ce, ko wurin sun wani, ko makiyayar wani.

Yadda kacala ta ci kogi

Illar sakin ruwa da rani ta fi ta riƙe shi da damina ɓoyuwa, amma ba ta fi ta sauƙi ba. Ciyawar kacala tana son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. A da, bushewar kogi na watanni ita ce ke kashe ta. Da ruwa ya zama na shekara da shekara, sai ta samu wurin zama. Ruwan da ke fitowa daga gonakin noman rani ɗauke da ragowar takin zamani ya ƙara mata ƙarfi.

Idan kacala ta cika mashiga, gudun ruwa yana raguwa, laka ta kwanta, mashigar ta ƙara cikewa, kacala ta ƙara samun wurin kafa saiwa. Da haka rassan kogin da dama suka toshe. Tsohon kwarin Kogin Haɗeja, wanda ke kai ruwa zuwa Gashuwa, ya shaƙe, ruwan ya karkata zuwa mashigar Marma da Tafkin Nguru. Sakamakon shi ne gonakin da ke gefen Marma sun nutse a ruwa shekara da shekaru, wasu garuruwan kuma da ke kan tsofaffin rassa sun rasa ko na ban-ruwa. A yau mafi yawan ruwan da ke wucewa ta Gashuwa daga Kogin Jama'are yake fitowa.

Kacala ta zo da wasu baƙin. Tsuntsayen jan-baki suna kwana suna hayayyafa a cikinta, su fito da safe su afka wa shinkafa da gero da dawa. Sauro da katantanwar da ke yaɗa cutar tsargiya suna samun mafaka. Jiragen masunta ba sa iya ratsawa. Kuma idan aka yi damina mai ƙarfi, kamar ta 2022 wadda ta hallaka mutane da dama ta kuma raba dubbai da gidajensu a Jigawa, ruwan ba ya samun hanyar wucewa, sai ya fantsama cikin garuruwa. Ambaliyar da ke rushe gidaje da ƙarancin ruwan da ke kashe gonaki suna da tushe guda.

Gwamnatin Jigawa da hukumar kogunan sun sha kai manyan injuna masu aiki cikin ruwa don share mashigai, al'ummomi ma sukan fita aikin gayya da lauje da adda. Aikin yana da amfani, amma muddin ruwa na kwance duk shekara, ciyawar za ta dawo.

Lissafin riba da asara

Tun 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, da haɗin gwiwar ƙungiyar kare muhalli ta duniya IUCN da wasu ƙungiyoyi na gida da waje. Daga cikin abin da shirin ya haifar akwai binciken tattalin arziki da ya yi suna a duniya. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da ruwa ke samarwa idan aka bar shi ya malale fadama, ta fuskar noma da kifi da itacen girki, suka kwatanta da abin da yake samarwa a babban aikin noman rani na Kogin Kano. A binciken da ya wallafa tare da Julian Thompson a 1998, sun nuna cewa ribar da ake samu daga faɗaɗa manyan ayyukan noman rani a sama ba ta kusa biyan asarar da ake jawowa a fadama ba. Sun kuma nuna cewa hanyar da ta fi rage asarar ita ce a riƙa sakin ruwa daga madatsun da damina, a kwaikwayi cikowar kogi ta asali.

Me ya sa wannan lissafi bai sauya manufa ba? Domin amfanin babban aikin noman rani yana da sauƙin gani: akwai magudanar siminti, akwai kwangila, akwai ranar buɗewa da almakashi. Amfanin fadama kuwa a warwatse yake cikin dubban ƙananan gidaje, yawancinsa ba ya shiga kundin kowace ma'aikata. Kifin da aka ci a gida, da rijiyar da ba ta ƙafe ba, da saniyar da ta tsallake rani, babu mai rubuta su a kasafin kuɗi.

Kason kogi

Masana ruwa suna da wata ƙa'ida da za a iya kira kason kogi, wato adadin ruwa da lokacinsa da tsaftarsa da ya wajaba a bar wa kogi domin ya ci gaba da rayuwa, shi da mutanen da suka dogara gare shi. Abin lura shi ne ƙa'idar ba ta tsaya kan yawa kaɗai ba. Ana iya sakin ruwa mai yawa a shekara amma a kashe kogi, idan aka sake shi daidai wa daida kowane wata. Kogi irin na Haɗeja yana buƙatar tudu da kwari a tafiyarsa: babban ruwa a Agusta da Satumba, raguwa a hankali bayan kaka, sannan ƙarancin ruwa ko bushewa a wasu rassa da bazara.

Tsafta ma tana cikin lissafin. Masana'antun jima da ke Challawa da Sharaɗa sun daɗe suna zubar da dagwalon ruwa da ke ƙarewa a Kogin Challawa. Idan ruwan kogi ya yi ƙasa, dafin ba ya samun abin da zai tsarma shi.

An gwada wannan ƙa'ida a wasu wurare na Afirka. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa ta hana ruwan Kogin Logone shiga fadamar Waza, kifi da makiyaya suka ragu ƙwarai. A 1994 aka buɗe wata mashiga a jikin shingen, ruwa ya koma wani ɓangare na filin, ciyawa da kifi da dabbobi suka fara dawowa. A Kogin Senegal, an riƙa sakin ambaliyar da aka tsara daga madatsar Manantali da ke Mali domin manoman fadama, kodayake buƙatar samar da lantarki ta zo ta yi gogayya da wannan tsari. Afirka ta Kudu kuwa ta sanya abin cikin dokarta ta ruwa ta 1998: kafin a ba kowa lasisin ɗibar ruwa, sai an ware na buƙatun ɗan Adam na yau da kullum da na rayuwar kogin kansa.

Darasin Manantali ya shafe mu kai tsaye, tun da Gwamnatin Kano ta shiga aikin samar da lantarki a Tiga da Challawa. Injin lantarki yana son ruwa mai gudu iri ɗaya dare da rana, rani da damina, kuma wannan shi ne irin ruwan da kacala ke so. Akwai kuma matsalar gini: ba a tsara ƙofofin Tiga don sakin babban ruwa a lokaci guda ba, don haka duk wani shirin ambaliyar da aka tsara zai fi jingina ga Challawa, kuma sai an daidaita shi da lokacin cikowar Jama'are.

Siyasar da ke bayan ƙofofin

Kogin Jama'are shi ne babban reshen da har yanzu ba a datse shi da babbar madatsa ba. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake maganar madatsar Kafin Zaki a ƙasar Ningi, wadda aka tsara za ta riƙe kusan kubik mita biliyan 2.7. An fara aikin an dakatar fiye da sau ɗaya. 'Yan siyasar Bauchi suna kallon ta a matsayin haƙƙin da aka daɗe ana hana su, tun da Kano ta samu nata. Yobe da Borno kuwa suna ganin ita ce za ta yanke musu ruwan da ya rage. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa jiha ɗaya ba za ta iya yanke hukuncin ita kaɗai ba.

Tsarin mulkin Najeriya ya ba Gwamnatin Tarayya iko a kan ruwan da ya shafi fiye da jiha ɗaya, kuma dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ƙarfafa hakan. Sai dai a aikace an raba kogin gida biyu: sama yana hannun Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, ƙasa yana hannun Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi. Hukumomin nan kuma su ne masu gudanar da noman rani, wato masu shan ruwa ne kuma su ne masu rabonsa. Wanda ke da gona a bakin magudana da wuya ya zama alƙalin da kowa zai yarda da shi.

A 2006 gwamnonin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe sun yi taro a Damaturu, suka amince da tsarin kula da kogin baki ɗayansa, suka kuma kafa asusun haɗin gwiwa. An tsara daftarin yarjejeniyar rabon ruwa a tsakaninsu. Tun kafin nan, a 1990, Najeriya da Nijar sun sanya hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci, ciki har da Komadugu Yobe. A 2012 ƙasashen Hukumar Tafkin Chadi suka amince da tasu yarjejeniyar ruwa. Takardu dai ba su yi ƙaranci ba. Ƙudurin sabuwar dokar ruwa ta ƙasa, wanda zai iya samar da mai sa ido mai zaman kansa, ya sha faɗuwa a Majalisar Tarayya saboda zargin cewa wata dabara ce ta ƙwace filayen bakin kogi daga jihohi. An yi ta cacar baki a kan ƙabilanci da filayen kiwo, batun yadda za a raba ruwa tsakanin na sama da na ƙasa ya ɓace a cikin hayaniyar.

Abin da ya kamata a nema

Gyaran ba ya buƙatar a rushe madatsa ko a hana Kano ruwan sha. Yana buƙatar abubuwa da aka daɗe da sanin su. Na farko, rubutacciyar ƙa'idar sakin ruwa daga Tiga da Challawa, wadda jihohin ƙasa suka sa hannu a kanta, ta fayyace nawa za a saki a kowane wata, da abin da za a yi a shekarar fari da shekarar ruwa mai yawa. Na biyu, gyara wuraren ɗibar ruwa na birnin Kano da magudanan noman rani, domin a daina sakin ruwa fiye da buƙata da rani don kawai ya kai bakin famfo. Shirin Bankin Duniya na gyaran noman rani da aka amince da shi a 2014 ya taɓa wani ɓangare na wannan aiki a Kano da Auyo, amma gyaran magudana ba ya maye gurbin yarjejeniyar rabo. Na uku, gina abin da zai daidaita rabon ruwa a inda kogin ke rabuwa, domin Marma ta samu sauƙi, tsohon kwarin ya samu rai. Na huɗu, ma'aunan ruwa masu aiki a Wudil, Haɗeja da Gashuwa, waɗanda za a riƙa wallafa alƙalumansu kowa ya gani.

Na ƙarshen nan shi ne ya fi sauƙin kuɗi, kuma shi ne ya fi nauyi a siyasance. Fashewar madatsar Alau da ta nutsar da Maiduguri a watan Satumban 2024 ta nuna abin da ke biyo baya idan halin da madatsa ke ciki ya zama sirrin ofis. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya ya nemi a ba shi bayani. Ɗalibi a Gashuwa, ko ƙungiyar masunta a Nguru, ko ɗan majalisar da ke wakiltar Haɗeja, kowannensu yana da hurumin tambayar nawa aka saki daga Challawa a watan jiya, wa ya ba da umarni, kuma bisa wace ƙa'ida. Duk ɗan takarar da ya zo da alƙawarin sabuwar madatsa, ya dace a tambaye shi ruwan wa za ta riƙe, kuma wa aka tuntuɓa a ƙasan kogin kafin a zana ta.